Ni Na Fara Gudun Farin Gada

Har yanzu idan aka tuna gudun da aka yi a kasuwar Farin Gada da ke Jos wata Talata cikin daminar bana, kowa da abin da yake faɗi. Wasu su ce tayar babbar mota ce ta fashe, wasu su ce ɓarawo aka biyo, akwai ma masu rantsuwa cewa bijimi ne ya tsinke igiya ya faɗa rumfunan 'yan tumatir. Na sha zama cikin mata ana wannan musu, ina tsince shinkafa, kaina a ƙasa. Ni ce na fara gudun. Saboda shi wata tsohuwa da ta san ni tun ina goye ta kwanta a ƙasa cikin ganyen kabeji kusan awa biyu, babu wanda ya ɗaga ta. Mu uku ne kawai muka san haka, kuma Innata ba ta cikinmu.

A gidanmu, can bayan Naraguta inda mahaifina, Baffa, ya zauna ya daina yawo da shanu tun kafin a haife ni, yaro ba ya kallon babba a ido. Ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki yi gaisuwarki ga ƙasa. Na fi sanin takalman Baffa da yatsun ƙafarsa fiye da ƙwayar idonsa. A sakandare malamai sun sha wahala da ni. Malamar Turancinmu takan buga tebur ta ce in kalle ta idan tana magana, ni kuwa wuyana ya ƙi, sai in tsaya ina kallon maɓallin rigarta har ta gaji.

Amma duk da haka babu abin da ke wuce ni a fuskokin gidanmu. Baffa zai shigo daga garke, ban ɗago ba, bai ce uffan ba, sai kawai in ji cikina ya ƙulle. Can anjima a ji wata saniya ta kwanta ta kasa tashi. Inna za ta wuce ni da tsintsiya, in ji raina ya yi fari ban san dalili ba, ashe saƙo ya zo cewa ƙanwarta ta sauka lafiya. Da wutsiyar ido nake tsintar waɗannan abubuwa, cikin ƙiftawa ɗaya, kuma da za a titsiye ni a ce me na gani, ba ni da amsa. A ajin bayoloji an koya mana cewa hannu yana janyewa daga tukunya mai zafi tun kafin mutum ya san ya ƙone. Haka cikina yake da fuskoki. Har alfahari nake da shi a ɓoye, don bai taɓa yi mini ƙarya ba, a iya sanina.

Tsohuwar da nake magana, Mama muke ce mata. Kirista ce, 'yar asalin duwatsun nan, tana noma kabeji da karas da latas a gefen wani tsohon kududdufin haƙar kuza, tana sayarwa a Farin Gada. Ita da Inna sun shaƙu tun suna da ƙuruciya. Inna ta aika mata ƙwaryar nono da ɗan man shanu, ita kuma ta cika mana buhu da kayan lambu, babu mai aunawa. Hausar Mama ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinta.

"Kai, ɗan boko," haka take tarbata. "Yau ma ka tsaya a famfo ka ƙara wa nonon ruwa?"

"Haba Mama, ai ruwan sama ne ya shiga. Ke fa kabejinki na wancan makon rabinsa tsutsa ne."

"Tsutsa nama ne, kyauta na ba ka. Maman ka yana lafiya? Ka gaya masa ya daina ɓuya kamar sabon amarya."

Duk wannan idona yana kan kwandon karas ake yin sa. Na san muryarta, na san hannayenta masu kaushi da tsagar wuƙa a babban yatsa. Fuskarta kuwa sai dai a sace.

Gaskiya ne Inna ta daina zuwa kasuwar. Tun bayan rikicin da aka yi a garin nan ƙafarta ta ɗauke, ni ce 'yar aike tunda na gama makaranta ina zaman jiran sakamako. Kuma kullum zan fita sai ta riƙe bakin hijabina ta maimaita abu ɗaya. "Idan kika ga fuskokin mutane sun canja, kar ki tsaya tambaya. Ajiye ƙwaryar ki taho. Nono akwai wani, ke babu wata." Ba Inna kaɗai ba, kowa a Jos ya koyi wannan karatun. Za ki shiga motar haya ki ga ido yana yawo, kowa yana duba na kusa da shi ba tare da ya juya kai ba.

Ranar an kwana ana yayyafi, gari ya yi sanyi, hanyar cikin kasuwa duk taɓo da ruɓaɓɓen ganye. 'Yan dako suna sauke buhunan dankalin turawa daga wata babbar mota, ɗaya yana ta ihu, "Oga, kauce, kauce, zan zubar maka a kai!" Ɗaliban jami'a da jakunkunansu suna cinikin tumatir. Babu komai a garin, wallahi babu komai. Na isa rumfar Mama, na hango ta zaune a kan ɗan bencinta kamar kullum, na durƙusa na yi sallama, na ce ina kwana.

Ba ta amsa ba. Na jira tsokanar famfo, ba ta zo ba.

Na kai hannu zan sauke ƙwaryar daga kaina, kuma a cikin wannan saukewar ne idona ya gilma ta kan fuskarta. Ban kalla ba, gilmawa kawai. Kafin gindin ƙwaryar ya taɓa ƙasa tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, bakina ya bushe, kunnena ya toshe. Wani abu a cikina ya ce mini matar nan ta tsane ni, kuma akwai abin da aka shirya. Babu tunani a ciki ko kaɗan. Da ma in iya cewa na tuna maganar Inna, amma ko ita ban tuna ba a lokacin.

Sai ta kama ni. Hannunta na dama ya damƙi tsintsiyar hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, farcenta ya shiga fatata. Wani sauti ya fito daga bakinta, ba Hausa ba, ba yarensu ba, kamar mai magana da ruwa cike da baki. Na ɗauka wani take kira. Na ɗauka riƙe ni take yi har su iso.

Na fizge. Na ji jikinta ya biyo hannuna ya karkace daga kan bencin, ban waiwaya ba. Ƙafata ta ture ƙwaryar, nonon ya malale cikin taɓo, na kwarma "Wayyo Allah!" na zura a guje.

Ku ƙiyasta abin da 'yan kasuwa suka gani. Yarinya da hijabi ta fito daga layin rumfunan matan coci tana ihu tana gudu. Wata mai albasa ta miƙe ta bi ni. Wani ya ce, "Me ya faru?" wani daga can ya amsa masa, "An fara!" Shi ke nan. Na ji ƙarar ƙofofin kwano ana bugawa, baro ya kife, tumatir yana fashewa ƙarƙashin ƙafafu. Wata mata ta wuce ni da takalmi ɗaya tana kiran Yesu, wani dattijo yana salati yana jan jikarsa. Duk fuskar da na gilma tsoro ne a kanta, kuma kowace ɗaya ta ƙara tabbatar mini cewa na yi daidai da na gudu. Ban san tsorona ba ne nake gani yana dawo mini daga fuskokinsu. A bakin titi na faɗa bayan wani ɗan acaba da ko tambayata inda za ni bai yi ba.

Inna ta rungume ni a tsakar gida tana shafa kaina, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce me ya faru. Na ce kowa ya gudu, ni ma na gudu. Ta ce Mama fa? Na ce ban kai wurinta ba. Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ban yi ba, don a lokacin kunyar gaya wa Inna cewa aminiyarta ta ci amanarta nake ji. Har tausayin Inna na ji. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin ji magana."

Kafin azahar labari ya zo cewa babu abin da ya faru. An koma kasuwa, ana tsince kaya ana dariya, ana tsokanar waɗanda suka fi kowa gudu. Baffa ma ya dara, ya ce mutanen birni da gudu sun fi ɗan maraƙi. Ni na shiga ɗaki na zauna ina duba sawun farce huɗu a hannuna. Na ja hannun rigata na rufe.

Rana ta uku wani mai sayen shanu da ke hulɗa da Baffa ya kawo labarin. Ya ce bayan an dawo ne wata maƙwabciyar rumfa ta ga ƙafa ta leƙo daga ƙarƙashin tebur. Mama ce, kwance a gefenta, kwandon kabeji ya kife a kanta, ta kasa magana, ta kasa motsa hannu da ƙafar hagu. Wani ɗan dako ne ya ɗauke ta a baro zuwa titi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, kuma an yi jinkirin kawo ta. Kowa ya ɗauka firgicin gudun ne ya kayar da ita.

Inna ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Da ta share ido ta ce, "Duk wanda ya tayar da wannan gudu, Allah ya isa tsakaninmu da shi." Ina durƙushe kusa da ita ina wanke ƙore. Na ci gaba da cuɗa ƙwarya ɗaya har ta ce mini za ki huda ta.

Daga ranar fuskar ta fara dawo mini, guntu-guntu, ba da son raina ba. Ina tatsar nono sai in ga bakin. Gefe ɗaya ya zube ƙasa, ɗayan ya ɗage sama yana ƙoƙari. Ina shara sai in ga idon, na hagu ya yi nauyi, na dama a buɗe warai yana kafe da ni. Ashe duk na gani. Idona ya kwashe komai a cikin wannan gilmawar, ya miƙa wa cikina, ni aka bari a baya. Na tsaya gaban ɗan madubin Inna na ja gefen bakina ƙasa da yatsa, na ɗage ɗayan. Abin da ya kalle ni daga madubin yatsina ce, irin ta raini. Na taɓa ganin irinta sau ɗaya, a fuskar wani mutum riƙe da gora da ya leƙo motarmu lokacin rikici, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce a wuce. Ban san na ajiye wannan fuskar ba sai da na same ta a kan ta Mama.

Ita kuwa murmushi take ƙoƙarin yi mini da rabin bakin da ya rage mata. Ta ga wadda ta sani, ta kama ta. Da na ɗaga kai na yi mata kallo ɗaya cikakke, irin wanda kowace ɗalibar jami'a da ke wucewa za ta yi, da na ga tsohuwa ce ba ta da lafiya. Ladabin da ake yabona da shi ne ya hana ni. Ba na ɗora wa tarbiyyar gidanmu laifi, don ƙafafuna ne suka gudu. Amma na kwana da wannan tunanin ba sau ɗaya ba.

Da aka sallamo ta, Inna ta karya dokar kanta ta ce mu je dubiya. Muka dafa kunun gyaɗa, muka bi hanyar da ta ratsa gonaki ta zagaya kududdufin. Babbar 'yar Mama ce ta tarbe mu, malamar firamare, doguwa mai tabarau, Anti nake ce mata. Mama tana kwance a kan katifa a falo, an jingina ta da matashi. Inna ta zube gefenta tana "Sannu, sannu 'yar'uwa." Ni na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Sai sautin nan ya sake fitowa, irin na kasuwa. Hannun dama yana ta bugun katifa, yana nuna ni.

"Ke take kira," in ji Anti. "Tun a asibiti idan an ce nono sai ta yi ta wannan. Matso mana."

Na kasa. Na ce bari in wanko kofuna, na kwashe su na fita bayan gida wurin randa. Anti ta biyo ni da soso. Muna tsugune, sai na ji bakina yana magana. Na gaya mata komai, da riƙon, da fizgewar, da ihun. Na ja hannun riga na nuna mata sawun da ya riga ya bushe.

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta mayar.

"Ke ce?"

"Ni ce, Anti."

"Ta riƙe ki, kika ture ta."

"Ban ture ta ba, fizgewa na..." Bambancin bai kai a faɗa ba.

"Me kika ɗauka za ta yi miki? Matar da ta goya ki ranar da mamanki ta yi zazzaɓi a kasuwa? Yanka ki za ta yi da wuƙar kabeji?"

"Ban ɗauki komai ba. Jikina ne kawai. Na ga fuskarta..."

"Kin gani, ko ba ki gani ba?"

"Ban kalla sosai ba. A gidanmu ba a kallon babba a ido."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ni yanzu kalle ni. Ɗago. Ɗago mana, ba zan cinye ki ba."

Na ɗago. Na shirya ganin ƙiyayya, kuma akwai fushi, amma gajiya ta fi yawa, idanunta sun yi ja saboda kwanan asibiti. Ta ce, "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ke kika fara ganin ciwon nan kafin kowa a duniya. Likita bai gani ba, ni ban gani ba, da safen ranar ni na ɗora mata kaya a mota. Ke kika gani, kika gudu da shi."

Na ce zan shiga yanzu in faɗa a gaban Inna. Wallahi so nake a zage ni, a mare ni, ko na ji sauƙi. Ta riƙe ni a daidai inda uwarta ta riƙe.

"Ba za ki faɗa ba. Ina da ƙanne maza biyu, kuma suna da abokai. Yau a ce 'yar Fulani ce ta yar da mamansu a kasuwa, kafin jibi labarin ya zama wani abu, kin san garin nan. Mamanki kuma, idan ta ji ba za ta ƙara iya taka gidan nan ba don kunya, alhali ita kaɗai ce ta sa tsohuwar ta ci abinci yau. Ki riƙe abinki. Nauyinki ne." Ta ɗauraye kofi ta kife. "Ran Litinin zan koma makaranta. Daga safe zuwa ƙarfe ɗaya babu kowa a gidan. Tunda ba ki da aikin yi sai jiran sakamako, kin samu."

Inna ta ji daɗi da na ce zan riƙa zuwa. Ta gaya wa Baffa, ta gaya wa maƙwabta, ana ta sa mini albarka. Kowace albarka sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kuma har yau, idan ta idar da salla, takan ƙara da Allah ya isa ga wanda ya tayar da gudun, ni kuma ina bayanta a kan tabarma ɗaya.

Wata biyu ke nan ina zuwa. Na koyi juya ta, na koyi ba ta kunu ta gefen dama, kaɗan-kaɗan, in goge abin da ya zubo ta hagu. Na roƙe ta gafara tun ranar farko, ta matse mini yatsu, ban san ko yafewa ba ce ko ce mini take in yi shiru. Maganarta ta fara dawowa, kalma ɗaya, biyu. Ranar nan ta ɗanɗana nonon da na kawo ta ce, "Famfo." Na yi dariya har da hawaye.

Abin da na kasa gyarawa shi ne shigowata. Yanzu ina kallonta, na tilasta wa wuyana. Amma duk safiya, a daidai lokacin da na ɗaga labule idona ya sauka a kan fuskar nan, sai gabana ya faɗi kamar ranar farko. Ba ya wuce ƙiftawar ido. Na san ita ce, na san ciwo ne, na san babu mai sona a duniya kamarta bayan iyayena, amma cikina bai karɓi wannan bayanin ba tukuna. Nakan tsaya a bakin ƙofa in shirya fuskata, in saki goshi, in ɗaura murmushi, sannan in shiga. Na ɗauka ina ɓoyewa.

Ran Alhamis da ta wuce na yi sallama daga waje, na ji motsi a ciki, na ɗan jira. Da na ɗaga labule na tarar ta jawo bakin mayafinta da hannun dama ta rufe ɓarin hagu na fuskarta, tun daga goshi har haɓa. Ido ɗaya ya rage a waje yana kallona, da rabin baki. Ashe kullum tana ganin abin da ke gilmawa a tawa fuskar, kuma ta gaji da ganinsa.

Na ajiye kwanon, na durƙusa gabanta. Na ce, "Mama, don Allah ki sauke. Ba komai, wallahi ba komai." Na kai hannu zan janye mayafin, ta riƙe shi gam, ta girgiza kai. Na sake roƙo, ta nuna kwanon kunun da ido.

Haka na ba ta, cokali bayan cokali, ina cusa shi ta gefen mayafin. Ta shanye duka. Jiya ma da na je a rufe na same ta.